Kashe fitila ko gyara titi: wanne ya fi rage ɓarnar makamashi?

Mai_Lissafi:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai wata tambaya da ta kwana biyu tana cin raina, kuma ina fatan masu ilimin abin da waɗanda suka gwada da kansu za su haska mini. Shekara biyu ke nan ina ƙoƙarin rage wutar lantarkin da muke sha a gida. Na cire ƙwayayen fitila guda 10 irin na da masu wat 60 na sa na LED masu wat 10, na koya wa yara kashe fitila idan za su bar ɗaki, kuma ba na barin caja a soket idan an gama aiki da ita. A makon jiya na zauna na yi lissafi. Kowane ƙwai yana rage mini wat 50, to idan guda 10 suka yi awa 5 a kunne, na tattala kilowat-awa 2.5 (wato yunit na mitar lantarki) ke nan a rana. Daga nan na juya kan motata. Zuwa wurin aiki da dawowa kilomita 20 ne, motar kuma tana shan kusan lita 8 a kowane kilomita 100, wato lita 1.6 a rana. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashi kusan kilowat-awa 9, saboda haka tafiyar kaɗai tana cin sama da 14. Abin da na tara da fitilu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da motar take ƙonawa ba. Kuma ba zan iya ajiye motar ba, domin babu makaranta, babu kanti, babu asibiti da ƙafa za ta kai mutum daga gidana, titin ma ba shi da gefen da mai tafiya a ƙasa zai bi. Shin waɗannan ƙananan gyare-gyare na cikin gida suna da wani tasiri na gaske, ko kuwa yadda aka shata gari ne yake yanke wa mutum yawan makamashin da zai ƙona?

Injiniya_Lantarki:
Wa alaikumus salam, Malam. Lissafinka ya yi kyau, amma akwai wuri guda da yake buƙatar gyara. Kilowat-awa na lantarki da ya iso gidanka ba daidai yake da kilowat-awa na fetur da ke cikin tanki ba. Idan tashar da ke samar da wutar tana ƙona kwal ko gas, fiye da rabin makamashin, a tsofaffin tashoshi ma kusan kashi biyu cikin uku, yana ɓacewa a matsayin zafi tun kafin wutar ta hau waya, sannan a yi asarar wani kaso a hanya. Ke nan 2.5 da ka tattala a gida zai iya kaiwa 6 ko 7 a bakin tasha. Ratar tana nan, amma ba ta kai faɗin da ka zata ba.

Abu na biyu, fitila ba ita ce babbar mai cin wuta a gida ba. Ƙa'idar da nake ba mutane ita ce su fara duba duk abin da yake ɗumama wani abu ko sanyaya shi: hitar ruwa, dutsen guga, firji, iyakwandishan, murhun lantarki. Tafasa lita ɗaya ta ruwa tana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na kilowat-awa, wanda zai riƙe ƙwan LED ɗinka na kusan awa 9. Wanda ya cika buta alhali kofi ɗaya yake so, ya ɓarnatar da wutar fitilar dare guda. A injin wanki ma, mafi yawan wutar wajen ɗumama ruwa take tafiya, ba wajen juya kayan ba.

Ummu_Khalil:
Ni dai ba na goyon bayan a raina ƙaramin abu. Da yayyafi kogi yake cika. Gida ɗaya ne ya tattala 2.5, amma gidaje miliyan guda sun tattala miliyan 2.5 a kowace rana, kuma wannan ya isa a rage wa wata tasha aiki. Ban da haka, yaron da ya taso yana kashe fitila idan zai fita, shi ne gobe zai zama mai tsara gari ko mai yanke shawara a majalisa, kuma ba zai ga ɓarna ya kawar da kai ba.

Mai_Tsara_Birane:
Malama Ummu_Khalil ta yi gaskiya game da tarbiyya, sai dai tambayar Malam Mai_Lissafi ta taɓo ainihin inda gizo yake saƙa. Mutum yana zaɓar ƙwan fitilarsa, amma ba shi yake zaɓar nisan da ke tsakanin gidansa da makarantar 'ya'yansa ba. Wannan nisa an yanke shi a kan takarda, sau da yawa tun kafin a haife shi, lokacin da aka ware unguwar kwana a gefe guda, wuraren ciniki a wani gefe, ofisoshi kuma a can wani wuri, aka ce kada ɗaya ya shiga cikin ɗaya. Garin da aka raba haka ya wajabta wa kowa injin a kan duk wata 'yar buƙata.

Misalin da ake yawan kawowa shi ne kwatancen da masanin birane Alain Bertaud ya yi tsakanin Atlanta ta Amurka da Basalona ta Sifaniya. A wajen shekarar 1990 yawan mutanensu ya yi kusa da juna, tsakanin miliyan 2.5 da 2.8, amma filin da gine-ginen Atlanta suka mamaye ya ninka na Basalona fiye da sau 20. A Basalona layin jirgin ƙasa ɗaya yana wucewa kusa da ƙofar dubban ɗaruruwan mutane. A Atlanta kuwa, kafin a kusanto da jirgi ga mutane masu wannan yawa, sai an shimfiɗa layuka masu tsawon da babu hukumar da za ta iya ɗaukar nauyinsu. Ba wai mutanen Basalona sun fi na Atlanta son muhalli ba ne. An sauƙaƙa musu ne kawai.

Mai lafiya yana tafiyar kusan kilomita 5 a awa, wato a minti 15 zai ci kilomita ɗaya da 'yan kai. A kan wannan ma'auni Farfesa Carlos Moreno ya gina tunaninsa na birnin minti 15 a 2016, wanda magajiyar garin Faris ta lokacin, Anne Hidalgo, ta yi yaƙin zaɓe da shi a 2020. Manufar ita ce buƙatun yau da kullum su kasance cikin wannan da'ira a ƙafa ko a keke.

Direban_Dogon_Zango:
Da izinin masana, ni aikina tuƙi ne, kuma ina ganin ana ɗora wa mota laifin da ba nata ba. Matsalar ƙarancin titi ce. Idan aka faɗaɗa hanyoyi aka yi gadojin sama, cunkoso zai ragu, kuma motar da take tafiya ba tsayawa ta fi wadda take ci a tsaye cikin cunkoso tattalin mai. Wannan abu ne da nake gani a ma'aunin tankina kullum.

Mai_Tsara_Birane:
Malam Direba, abin da ka faɗa game da mota ɗaya gaskiya ne, tsayawa da tashi suna shan mai. Amma idan aka dubi gari gaba ɗaya sai lamarin ya sauya. Sabon titi yana sauƙaƙa tuƙi na 'yan shekaru, sai waɗanda da suke hawa bas su koma mota, waɗanda suke kauce wa lokacin cunkoso su daina kaucewa, magina kuma su je can nesa su yi sababbin unguwanni tun da hanya ta samu. Kafin a ankara titin ya sake cika, kuma yanzu da motoci masu yawa fiye da na farko. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka kammala a 2008, har ta kai layi 26 a wani wuri idan aka haɗa da hanyoyin gefe, amma cikin 'yan shekaru lokacin da ake ɓatawa a kanta da safe da yamma ya sake hawa. Akasin haka ya faru a Seoul ta Koriya ta Kudu, inda a 2003 aka rushe babbar gadar sama da ta rufe rafin Cheonggyecheon, aka buɗe rafin ga jama'a a 2005 tare da gyara tsarin bas, kuma tsayawar gari da aka yi ta tsoro ba ta auku ba.

Dan_Keke:
Ina so in ƙara da tarihin Holand, domin mutane suna zaton da keke aka haifi mutanenta. Bayan yaƙin duniya na biyu su ma sun rungumi mota, har an rushe gine-gine don a buɗa mata hanya. A 1971 mutane sama da 3,000 suka mutu a haɗurran titi a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito da wata fafutuka da suka kira a dakatar da kisan yara, sannan a 1973 rikicin man fetur ya zo, gwamnati ta hana tuƙi a wasu ranakun Lahadi, mutane suka ga yadda titunansu suke idan babu mota. Daga nan aka fara gina hanyoyin keke da aka raba da na motoci. Abin lura shi ne ba maganar sauyin yanayi ce ta tayar da su ba, rayukan 'ya'yansu ne.

Hajiya_Mai_Sanda:
Ina karanta bayananku da sha'awa, amma ina roƙon 'ya'yana masu ƙarfin ƙafa su tuna da irinmu. Shekaruna sun haura 70, gwiwoyina ba sa ɗaukar doguwar tafiya, keke kuwa ba maganarsa ake ba. Akwai mai juna biyu, akwai makaho, akwai mai keken guragu, akwai uwar da take riƙe da yara uku da kaya. Duk lokacin da na ji ana cewa a hana mota shiga wani wuri, sai gabana ya faɗi, domin ina tsoron a gyara gari don matasa a kulle mu a gida.

Likitar_Unguwa:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, damuwarki a kan hanya take, kuma duk tsarin da bai amsa ta ba bai cika ba. Sai dai abin da nake gani a wurin aikina shi ne garin da ya dogara da mota ya fi kulle tsofaffi a gida. Ranar da ido ya raunana mutum ya daina tuƙi, ranar ya rasa 'yancinsa, sai ya jira wani ya sami sarari ya kai shi. Yara, tsofaffi da yawa, marasa hali da masu wasu larurori duk ba sa tuƙi, kuma idan aka haɗa su babban kaso ne na kowace al'umma. Abin da irinku kuke buƙata shi ne gefen titi mai faɗi mara rami, benci a kowace 'yar tazara, inuwa, gangara a bakin mahaɗa don keken guragu, da fitilar ba da hannu mai ba tsoho isasshen lokacin tsallakawa. A Pontevedra ta Sifaniya, wadda ta fara rage motoci a tsakiyar gari tun 1999, ba a hana motar da ke da dalilin shiga ba, kamar ta kawo kaya ko ɗaukar mara lafiya. Masu ratsawa kawai da masu yawon neman wurin ajiye mota aka kawar.

Ta fuskar lafiya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Wanda yake tafiyar minti 15 zuwa tasha da safe da 15 da yamma, kwana biyar, ya cika wannan adadi ba tare da ya ware masa lokaci ba. Rahoton hukumar na 2023 ya kuma ce mutane kusan miliyan 1.19 suke mutuwa a haɗurran titi duk shekara. Gudun mota shi ne babban mai yanke hukunci a nan, domin ƙarfin karo ba ninki biyu yake yi ba idan gudu ya ninka, ninki huɗu yake yi. Wanda mota ta buge a gudun kilomita 30 a awa yawanci yana rayuwa, a gudun 60 kuwa damarsa ta ragu ƙwarai.

Hajiya_Mai_Sanda:
Na gode, 'yata. Idan da benci da inuwa ne, zan iya fita da kaina. Rashinsu ne yake sa in nemi a kai ni ko da wurin bai yi nisa ba.

Abu_Sumayya:
Maganar inuwa ta mayar da ni kan zafi, wanda ina ganin ba a ba shi haƙƙinsa a wannan muhawara ba. Yawancin misalan da aka kawo daga ƙasashe masu sanyi ne. A wurin da rana take kaiwa digiri 40, ce wa mutum ya yi tafiyar minti 15 a kan kwalta ba tare da bishiya ba zalunci ne. Kuma zafin ne yake tura kowa ga iyakwandishan. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki suna cin kusan kashi 10 cikin 100 na wutar lantarkin duniya, kuma yawan na'urorin zai iya tashi daga biliyan 1.6 zuwa 5.6 kafin 2050. Kowace na'ura tana kwashe zafin ɗaki ne ta zuba shi a titi, sai titin ya ƙara zafi, maƙwabci ma ya ga dole ya saya.

Mai_Zanen_Gidaje:
Malam Abu_Sumayya ya kawo mu inda gida da gari suke haɗuwa. Kwalta, siminti da rufi mai duhu suna shan zafin rana da yini su sake shi da dare, shi ya sa tsakiyar birni take fin karkarar da ke kewaye da ita zafi, musamman bayan faɗuwar rana. Maganin yana da matakai, kuma mafi araha su ne na farko. A hana rana shiga tun daga waje: rumfa a kan taga ta fi labule a ciki amfani, domin da zarar haske ya ratsa gilashi zafin ya riga ya shigo. A rage tagogi a ɓangaren yamma inda ranar la'asar take dukan bango kai tsaye. A sa tagogi su fuskanci juna don iska ta ratsa. A shafa wa rufi farin fenti, a kuma sa silin mai tare zafi. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin da ya kashe mutane da yawa a 2010, ya fito da shirin tunkarar zafi a 2013, daga baya ya haɗa da farar da rufin gidajen marasa ƙarfi. Medellin ta Kolombiya kuma ta dasa bishiyoyi da tsirrai a layuka 30 na tituna da bakin rafuka tun daga 2016, kuma hukumomin birnin sun ba da rahoton saukar zafi da kusan digiri 2.

Sai kuma fanka. Fankar sama tana cin wat 50 zuwa 75, ƙaramar iyakwandishan kuwa tana kusan 1,000. Fanka ba ta sanyaya iskar ɗaki, jikin mutum take sanyayawa, don haka barinta a kunne a ɗakin da ba kowa ɓarna ce tsantsa. Amma idan aka haɗa ta da iyakwandishan, mutum zai iya ɗaga ma'aunin zuwa digiri 26 ya ji daɗi kamar yadda yake ji a 23.

Mai_Lissafi:
Na gode ƙwarai, musamman Injiniya da ya gyara mini lissafi. Amma akwai wata hanya da ba a ambata ba. Idan na sayi motar lantarki na sa farantan sola a rufi, ba na warware matsalata ba tare da jiran kowace hukuma ta gyara gari ba?

Injiniya_Lantarki:
Ka warware wani ɓangare mai girma. Injin fetur yana zubar da kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na makamashin mai a matsayin zafi, motar lantarki kuwa tana mayar da mafi yawan abin da ke batirinta zuwa tafiya. Tafiyarka ta kilomita 20 za ta ci kilowat-awa 3 zuwa 4 a maimakon 14. Ƙera batirin yana fitar da hayaƙi mai yawa tun farko, amma a tsawon rayuwar motar tana biyan wannan bashi, kuma tana biya da sauri idan wutar daga rana ko iska take. Farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, don haka ba mafarki ba ne. Shawarata ɗaya ita ce ka fara rage abin da gidan yake ci kafin ka sayi faranti, domin kowane wat da ka rage ya rage maka girman batiri da inbata da za ka saya.

Dan_Keke:
Motar lantarki ta magance hayaƙin salansa, amma ba ta rage girmanta ba. Tana buƙatar titi iri ɗaya, wurin ajiyewa iri ɗaya, kuma idan ta buge yaro ba ta tambayar da me take tafiya. Tayoyinta ma suna cinyewa su zama ƙura mai shiga huhu. Marigayi Farfesa Donald Shoup ya shahara da nuna cewa mota tana kusan kashi 95 cikin 100 na lokacinta a ajiye. Duk filin da aka ware mata fili ne da ba a yi gida, kanti ko lambu a kai ba, kuma shi ne yake ƙara nesanta wurare da juna har tafiya a ƙasa ta gagara. A Japan tun 1962 akwai dokar da ta sa a yawancin birane sai mutum ya nuna shaidar yana da wurin ajiye mota kafin a yi mata rajista, shi ya sa ƙananan titunansu ba su zama garejin jama'a ba.

Tsohon_Malami:
Ina so in ja hankali ga wani abu da ya shafi fitilun da aka fara da su. A 1865 wani masanin tattalin arziki na Ingila, William Stanley Jevons, ya lura cewa da injinan tururi suka ƙara iya tattalin kwal, amfani da kwal bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, domin abin ya yi araha kowa ya shiga. Na ga wannan a gidana. Da muka koma LED, sai muka ƙara fitilu a waje muka bar su har asuba, tun da ba sa cin wuta sosai. Mun samu ragi duk da haka, amma bai kai wanda ya kamata ba. Ingancin na'ura ba ya wadatarwa idan ba a haɗa shi da sanin iyakar buƙata ba.

Yar_Jami'a:
Baba Tsohon_Malami, wannan batu ya yi mini daɗi. Ni abin da yake damuna shi ne yadda ake juya laifi kan ɗaiɗaikun mutane. Kamfanin mai na BP ne ya yayata ma'aunin sawun kabon na mutum ɗaya, wato yawan hayaƙin kabon da harkokinsa suke fitarwa, a tallace-tallacensa a tsakiyar shekarun 2000, har ya sa kalkuleta a shafinsa don kowa ya auna nasa. Haka batun sake sarrafa shara: ana ta nuna mana kwandon da za mu jefa roba, alhali kusan kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya. Muddin muna shagala da zare caja, manyan masu yanke shawara suna hutawa.

Ummu_Khalil:
Ƙanwata, na yarda da rabin maganarki. Amma ina tsoron wannan hujja ta zama matashin kai ga wanda dama ba ya son motsawa. Su wane ne suke sayen man da kamfanin yake haƙowa? Kuma sake sarrafawa ba duka ta zama ɗaya ba: gwangwanin alminiyam idan aka narke shi aka sake ƙerawa ana tattala kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin da sabo yake ci. Robar ce matsala, kuma maganinta rage saye da sake amfani da abin da ake da shi. Iyayen Holand da Malam Dan_Keke ya ambata ai ɗaiɗaikun mutane ne, sun dai haɗa kai ne suka je inda ake yanke shawara.

Direban_Dogon_Zango:
Na ji misalin Houston kuma ba zan musa ba. Tambayata ita ce, idan aka ƙuntata wa mota kafin a samar da abin hawa na haya mai kyau, wa zai sha wahala? Mai kuɗi zai sayi gida a tsakiyar gari inda komai yake kusa, talaka kuma da aka tura bayan gari saboda tsadar haya shi za a caza ko a hana shi shiga.

Mai_Tsara_Birane:
Wannan ita ce suka mafi ƙarfi da aka yi a zauren nan, kuma ba ni da amsar da za ta share ta gaba ɗaya. Gaskiya ne unguwar da aka gyara takan yi tsada har ta kori waɗanda aka gyara dominsu, kuma hakan yana faruwa ne saboda irin waɗannan unguwanni sun yi ƙaranci, ga shi dokokin gini a wurare da yawa sun hana a ƙara gidaje a cikinsu. Tsarin aiki yana da muhimmanci: a fara da bas. Kuritiba ta Burazil a ƙarƙashin Jaime Lerner ta ware wa bas layinta na kanta tun 1974, ta kuma ba da izinin dogayen gine-gine a gefen layin don mutane da yawa su zauna kusa da tasha. Bogota ta Kolombiya ta bi sahu a 2000, duk da cewa cikar da motocin suke yi a lokacin zuwa aiki ta zama abin kuka ga masu hawa. Stockholm ta Suwidin ta ƙara motocin bas kafin ta gwada harajin shiga tsakiyar gari a 2006. Zirga-zirgar motoci ta ragu da kusan kashi 20 cikin 100, mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'ar amincewa, aka tabbatar da shi a 2007. Kuma Malam Direba, mai tuƙi don sana'a irinka yana cikin masu cin riba, domin duk wanda ya bar motarsa ya hau bas ya buɗa maka hanya.

Abu_Sumayya:
A unguwarmu mun taɓa rubuta wa hukumar da abin ya shafa takarda muna neman a yi mana wurin tsallakawa a gaban makarantar yara. An yi shekara biyu ba amsa. Da muka sake komawa, mun tafi da adadi: mun tsaya safiya biyar muna ƙirga yaran da suke tsallakawa da motocin da suke wucewa a rabin awa. A wannan karon an saurare mu, an yi tudun rage gudu da zanen tsallakawa. Tun daga nan iyaye da dama suka daina kawo yara a mota, cunkoson ƙofar makarantar ma ya ragu.

Mai_Lissafi:
Bayanin Malam Abu_Sumayya ya sa na buɗe taswira jiya da dare. Na gano cewa makarantar yarana ba ta kai kilomita ɗaya ba idan aka miƙe, amma katangar wani rukunin gidaje ta tare tsakani, sai an zagaya ta babban titi, wanda ya mayar da ita kilomita 3. Ƙofa ɗaya ta masu tafiya a ƙasa za ta cire wa gidaje da yawa tafiya biyu a mota kowace rana. Zan fara tuntuɓar maƙwabta a kan haka. A cikin gida kuma na ari na'urar auna wuta ta soket, zan fara da firji da hitar ruwa kamar yadda Injiniya ya nuna. Wurin aiki dai har yanzu ba ni da mafita sai mota.

Injiniya_Lantarki:
Idan za ka auna firji, ka bar na'urar a jiki na awa 24 cur, domin injinsa yana tashi yana tsayawa, awon minti kaɗan zai ruɗe ka. Ka kuma duba robar bakin ƙofar: ka maƙala takarda ka rufe, idan ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi yana fita. Ka matsar da shi daga bango da faɗin tafin hannu, kuma kada ya zauna kusa da murhu ko inda rana take dukansa.

Likitar_Unguwa:
Game da ƙofar nan, Malam Mai_Lissafi, ka sa ran mazauna rukunin za su kawo batun tsaro, kuma kada ka ɗauke shi wasa. Ka je musu da shawarar fitila a wurin da kuma lokutan buɗewa da rufewa da suka dace da zuwa makaranta da tashi. A yi ta da faɗin da keken guragu zai wuce, ba tare da matakala ba.

Hajiya_Mai_Sanda:
Idan za ku je wurinsu, ku tafi da dattijo ko dattijuwa ɗaya daga cikin unguwar, kuma ku tambaya ko za a yarda a ajiye benci a gefen ƙofar.